A shigar da darasin bindiga cikin jami'o'inmu domin kasuwa ta huta

Jama'a masu karatu, musamman ƴan'uwanmu ƴan kasuwa masu kai da kawowa tsakanin Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, Matamai da Mai'aduwa, Magarya da Maigatari, yau za mu taɓo wata magana wadda da jin farko mutum zai ce ba ta shafi mai awon gero ko dillalin shanu ba. Maganar kuwa ita ce: shin ya dace a riƙa koya wa ɗaliban jami'a darasi a kan bindiga da matsayinta cikin zaman jama'a? Mun san akwai wanda zai ce ana kukan targaɗe sai ga karaya, muna fama da ƴan bindiga a daji kuma a ce a kai bindiga lakwal. To amma mu a namu gani wannan darasi ya daɗe da zama wajibi a kanmu, kuma babu wanda rashinsa ya fi cuta kamar ɗan kasuwar bakin iyaka. Ku ba mu hankalinku mu kawo dalilanmu.

Da farko bari mu fayyace abin da ake nufi, don kada a yi mana mummunar fahimta. Koyar da harbi aikin barikin soja ne, babu ruwan jami'a da shi. Abin da muke magana a kai shi ne ilimin zamantakewa, wanda ƴan lakwal ke kira sosiyoloji, wato nazarin yadda mutane ke zaune da junansu, da abin da ke haɗa su da abin da ke raba su. Idan aka ɗora wannan ilimi a kan bindiga, tambayoyin da ake yi su ne: wane ne ke riƙe da ita? Me ya sa ya neme ta? Daga ina ta fito, kuma hannu nawa ta bi kafin ta iso gare shi? Me take canjawa tsakanin maƙwabci da maƙwabci, tsakanin uba da ɗa, tsakanin talaka da sarki? Me ke sa wanda ya ɗauke ta ya yarda ya ajiye? Duk ɗan kasuwa ya san irin waɗannan tambayoyi, domin irinsu yake yi wa kansa kafin ya zuba jarinsa a kan kowace haja.

Yadda ake yi a Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani shehun malami mai suna David Yamane, na jami'ar Wake Forest da ke jihar Karolina ta Arewa, wanda tun shekarar 2015 ya buɗe wa ɗalibansa darasi sukutum a kan bindiga da zamantakewa. Shi kansa malamin bai taɓa harba bindiga ba sai da ya kai shekara 42 da haihuwa, kuma a shekarar 2024 ya wallafa littafi a kan abin da ya gano cikin masu mallakar bindiga na ƙasarsu. Tsarin darasin nasa shi ne, a farkon zango yakan kai ɗalibai filin koyon harbi, su ga bindiga da idonsu, wanda ya so ya gwada, wanda bai so ba ya tsaya ya kalla, sannan kowa ya rubuta abin da ya ji a ransa. Daga nan sai a koma aji a shafe watanni ana karanta binciken masana a kan masu farauta, masu riƙe bindiga don tsaron kai, kisan kai, masu kashe kansu, da yadda ƴan sanda ke amfani da makami. Hujjarsa ita ce, mafi yawan masu bindiga a ƙasarsu mutane ne na yau da kullum waɗanda ba su taɓa harbin kowa ba, saboda haka wanda ya tsaya ga nazarin masu laifi kaɗai bai san rabin labarin ba.

Ba banza Amurkawa suka damu da wannan ilimi ba. Wata cibiyar bincike da ke birnin Janeba mai suna Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a shekarar 2017 akwai bindigogi sama da biliyan 1 a duniya, kuma miliyan 857 daga ciki suna hannun farar hula ne, ba sojoji ko ƴan sanda ba. A cikin waɗannan, miliyan 393 suna Amurka, wato bindiga 120 ga kowane mutum 100. Sun fi mutanen ƙasar yawa ke nan.

Abin da bincike ya nuna musu kuwa ya saɓa wa abin da mutane da yawa ke zato. A shekarar 2021 mutum 48,830 ne harsashi ya kashe a Amurka, amma sama da rabinsu, kashi 54 cikin 100, su ne suka harbe kansu da kansu. Wanda ke sauraron rediyo kawai zai ɗauka duk ƴan fashi ne da masu buɗe wuta a makarantu. Haka kuma dalilin mallakar bindiga ya juya cikin ɗan lokaci. A shekarar 1999 kusan rabin masu bindiga sun ce don farauta suke riƙe da ita, kashi 26 cikin 100 kaɗai suka ce don tsaron kai. Zuwa 2013 lissafin ya kife, kashi 48 suna cewa tsaron kai, kashi 32 farauta. Ma'ana, tsoro ya maye gurbin sha'awa. Duk mai son tsara doka a kan bindiga bai san wannan ba, to zai ba mai ciwon ciki maganin ciwon kai.

Akwai kuma wani darasi na biyu da ya kamata mu ɗauka daga can, wato tsadar yin shiru. A shekarar 1996 majalisar dokokin Amurka ta saka wani sharaɗi cikin kasafin kuɗi, bisa jagorancin wani ɗan majalisa mai suna Jay Dickey, wanda ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta janye daga zuba kuɗi a binciken mace-macen bindiga. Aka shafe sama da shekara 20 a haka, mutane na mutuwa, ƴan siyasa na cacar baki, ilimi kuwa ya tsaya cik. Shi kansa Dickey daga baya ya fito ya ce ya kamata a koma ga binciken. Sai a ƙarshen 2019 majalisar ta sake ware dala miliyan 25 domin wannan aiki. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Abin da za mu ara da abin da za mu bari

Kada a ce muna kira a kwaso tsarin Amurka a juye mana. Su tsarin mulkinsu tun 1791 ya ba ɗan ƙasa ƴancin riƙe makami, mu kuwa a Nijar da Najeriya sai da takardar izini daga hukuma, kuma bindigar yaƙi haramun ce ga farar hula. Su damuwarsu kantunan sayar da bindiga ne a cikin gari, mu tamu damuwar tana daji da bakin iyaka. Don haka kai ɗalibai filin harbi ba namu ba ne, ba ma kuma neman a yi shi. Abin da ya kamata mu ara abu ɗaya ne: a ɗauki bindiga a matsayin abin da ake iya zama a yi wa tambaya cikin natsuwa, a ƙirga, a rubuta, a kwatanta, maimakon a bar ta ga jita-jitar tasha da sanarwar hukuma.

Kuma ai bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kalmar kanta daga Larabci muka samo ta, alamar cewa ta hanyar fatake ta iso mana, ta hamada. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya shahara da tara dubban bindigogi, wasu ana kawo masa daga Tarabulus, kuma maƙeransa suna zuba igwa a cikin birnin Damagaram. Marigayi André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin wannan masarauta tun 1971. Da Turawa suka tashi rabon Afirka, a taronsu na birnin Burusel a 1890 suka hana a sayar wa baƙar fata bindigogin zamani, aka bar mu da na duwatsu da albarushi. Sakamakon wannan bambanci na makami shi ne abin da mutanen Lugu da na Birnin Ƙonni suka gani a 1899 a hannun rundunar Voulet da Chanoine. Ashe tun can asali maganar bindiga magana ce ta ciniki da mulki.

Ku dubi ma yadda harshenmu ya canja. A da idan aka ce ƴan bindiga, ana nufin bayin Allah na fada, masu jajayen kaya, waɗanda ke tafe gaban sarki ranar hawan salla suna sakin albarushi sama, yara na murna, mata na guɗa. Suna da shugabansu, Sarkin Bindiga, suna da ladabinsu. Maharbi ma yana da nasa sarki da nasa ƙa'idoji: akwai naman da ba ya harbi, akwai lokacin da ba ya shiga daji. Yau kuwa idan aka ce ƴan bindiga a kasuwa, kowa tattara kayansa zai yi. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, cikin rayuwar mutum guda. Yaya aka yi bindiga ta fita daga hannun da ke da sarki da ƙa'ida ta koma hannun yaro ɗan shekara goma sha biyar wanda ba ya jin maganar kowa? Wannan ita ce tambayar da muke so ɗalibanmu su zauna a kanta.

Ɗan abin da aka bincika ya riga ya yi amfani

Masu cewa irin wannan bincike ba zai yiwu a nan ba, sai mu tuna musu cewa an riga an fara. A watan Janairun 2020 wata ƙungiya mai bin sawun makamai, Conflict Armament Research, ta fitar da rahoto a kan bindigogin da aka kama a jihohin Kaduna, Katsina da Zamfara. Sun bi lambobin jikin makaman ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar cewa akwai waɗanda suka fito daga rumbunan Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, akwai waɗanda suka sulale daga rumbunan sojan Kodebuwa, akwai bindigogin farauta ƙirar Turkiyya da aka shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Legas, akwai waɗanda asalinsu na jami'an tsaron Najeriya ne, sannan kusan kashi ɗaya cikin uku ƙirar gida ce, aikin maƙera. A shekarar 2017 kaɗai ƴan duwan na Najeriya sun kama irin waɗancan bindigogi na Turkiyya guda 2,671 a Legas, cikin kamu huɗu.

To ku duba, jama'a. Shekara da shekaru ana cewa duk makamin da ke dajin Zamfara ta Nijar ya bi, ana kallon kowane direba da ya fito daga Agadas ko Tawa da idon tuhuma. Gaskiya ne akwai masu bi ta nan, ba mu musa ba. Amma bincike ya nuna cewa ƙofofin suna da yawa, wata ta teku ce, wata ta bariki, wata ta maƙera. Wanda ya toshe ƙofa ɗaya ya bar huɗu a buɗe, ya wahalar da masu shiga da fita ne kawai.

Haka nan a watan Satumban 2021 wani malamin tarihi na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Dokta Murtala Ahmed Rufa'i, ya gabatar da sakamakon binciken da ya daɗe yana yi a kan ƴan bindigar Zamfara, inda ya zauna da wasunsu ya ji daga bakinsu. Abin da ya fito fili shi ne, matsalar tana da saiwa: cinye burtali da makiyaya, satar shanu, zaluncin wasu alƙalai da masu sarauta da jami'an tsaro, kashe-kashen ƴan sa-kai, sai ramuwar gayya, daga bisani kuma abin ya zama sana'a mai kawo kuɗi wadda ba ta bukatar wani dalili. Ba wai wannan ya wanke mai kashe mutane ba ne, laifinsa na nan a wuyansa duniya da lahira. Amma ruwa ba ya tsami banza. Mu ma a nan gida ba mu manta da Toda ba, a cikin jihar Maraɗi, inda a watan Oktoban 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, mafi yawansu mata da yara, tun kafin kalashi ta cika daji. Gaba tana riga bindiga zuwa, ita bindiga ninka gawa take yi.

Inda abin ya shafi aljihunmu

Yanzu bari mu zo kan abin da ya sa muka ce ɗan kasuwa ne ya fi kowa bukatar wannan ilimi. Duk lokacin da hukuma ta rasa sanin inda matsala take, kasuwa take kamawa, domin kasuwa ce ake gani, ita ce ba ta gudu. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, aka ce don shinkafa da makamai. Ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamban 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Kowa ya san abin da ya biyo baya: albasa ta ruɓe, wake da aya suka yi kwantai, masu dako da ƴan kamasho da masu tuwo-tuwo suka rasa abin kai wa gida. Amma a cikin waɗannan watanni ɗin ne dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka ci gaba da tsallakowa gudun hijira zuwa gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. An tsare buhun shinkafa, bindiga ba ta tsaya ba.

A watan Satumban 2021 kuma gwamnatocin Zamfara, Katsina da Sakkwato suka ɗauki wasu matakai: aka dakatar da kasuwannin mako a wurare da dama, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni irin su Jibiya da Mai'aduwa, aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana sayar da man fetur a jarka, aka katse layukan salula. Niyyar ita ce a hana ɓarayi abinci da mai. Amma a tsakiyar watan Oktoba na wannan shekara, ana cikin waɗannan matakai, aka afka wa kasuwar Goronyo aka kashe sama da mutum 40. Ba muna cewa magabata sun yi da mugun nufi ba ne. Muna cewa ne mataki irin wannan ya kamata a auna shi kafin a ɗauka, a kuma auna shi bayan an ɗauka: ɓarawo nawa ya ji yunwa, talaka nawa ya ji? Saurayi nawa da ke cin abinci a kasuwa ya rasa abin yi, kuma ina ya nufa? In ba a auna ba, gobe ma haka za a sake yi, a bar jaki ana dukan taiki.

Sannan akwai wata tambaya da ke yawo a zukatan ƴan kasuwa da yawa, ko da ba a faɗa a fili: shin ni ma in nemi tawa? A watan Yunin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya fito ya ce jama'a su nemi izinin mallakar bindiga don kare kansu. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024. Mu ma a ƙauyukanmu na bakin iyaka akwai masu ganin babu mafita sai wannan. Ba za mu zagi wanda aka sace wa ɗa ko aka kore wa garke ba idan ya yi wannan tunani. Amma wa ya bi sawu ya gani, garin da ya ɗauki makami ya samu sauƙi ne ko kuwa ya jawo wa kansa hari mafi muni? Bindigar da aka saya don ɓarawo, ranar da rikicin gona ko na gado ya tashi a ina take kwana? Idan zaman lafiya ya dawo, wa zai karɓe ta daga hannun matasa? Amurkawa sun gano cewa bindigar da ke cikin gida sau da yawa mai gidan take ci. Mu ma muna bukatar mu san tamu gaskiyar, da ƙidaya, kafin kowa ya sayar da sa ya sayi abin da zai zame masa ƙarfen ƙafa.

Amsa ga masu shakka

Akwai masu cewa maganar makamai sirrin tsaro ce, ba ta ɗalibai ba. Muna girmama sojojinmu da jandarmomi da ƴan sanda, muna kuma yi wa waɗanda suka rasu a bakin aiki addu'a. Babu mai neman a buɗe wa ɗalibi rumbun makamai ko taswirar yaƙi. Amma dalilin da ke sa makiyayi ko manomi ya sayi bindiga ba sirrin soja ba ne, magana ce ta zaman jama'a, kuma soja ba a horar da shi don ya binciko ta ba. Soja yana iya korar ɓarawo daga daji, amma ba shi zai hana a haifi wani ɓarawon ba.

Akwai kuma masu tsoron cewa duk wanda ya yi magana da mai bincike, gobe a ce shi infoma ne, ko ɓarayi su neme shi ko hukuma ta kama shi. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma shi ne babban abin da ya kamata a fara koya wa ɗalibi kafin ya fita da alƙalami. Kada a rubuta sunan kowa. Kada a ɗauki hoto ko murya sai da yardar mutum. Kada a tura ɗalibi daji. Kada takardar bincike ta zama takardar tuhuma a teburin kwamishinan ƴan sanda. Malami ne zai ɗauki nauyi, da sanin hukuma da na sarakunan gargajiya. Akwai wuraren da za a fara ba tare da an jefa kowa cikin hatsari ba: kundin shari'o'in da aka riga aka yanke, rajistar asibiti ta waɗanda aka kawo da raunin harsashi, tsofaffin maharba, maƙera, ƴan gudun hijira, direbobi a tasha, da waɗanda suka tuba suka miƙa makamai. Cibiyar LASDEL da ke Yamai, tun kafuwarta a 2001, ta yi bincike a kan abubuwa masu wuyar faɗa irin su cin hanci a ma'aikatu da halin da marasa lafiya ke shiga a asibitoci, ba tare da ta tona asirin waɗanda suka yi mata bayani ba. Ashe hanyar tana nan, an san ta.

Masu cewa jami'o'inmu ba su da kuɗi kuwa, gaskiyarsu. Sai dai wannan darasi ba ya bukatar injin miliyoyi. Malami ne, da littattafai, da kuɗin mota. Kuɗin fansar mutum ɗaya ya isa ya ɗauki nauyin ɗalibai da dama su yi bincikensu na ƙarshen karatu.

Kiranmu

Saboda haka muna kira da babbar murya ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da shugabannin jami'o'inmu da su buɗe wannan darasi. Kowace jami'a tana da abin da za ta kawo. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ta Damagaram suna da masana zamantakewa da tarihi. Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa tana da masana shari'a da tattalin arziki, waɗanda za su iya lissafa abin da rufe kasuwa ɗaya ke jawowa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana da masu karatun likita da na noma da kiwo, ga ta kuma a bakin matsalar. A haɗa su da takwarorinsu na Sakkwato da Katsina, domin dajin ɗaya ne, harshen ɗaya ne, masu kuka ma dangin juna ne. Ƙungiyar CEDEAO ta yi yarjejeniya a kan ƙananan makamai a 2006, Nijar kuwa ta fita daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, amma ko da gwamnatoci sun yi hannun riga, bai kamata malamai su daina gaisawa ba. Bindiga ba ta nuna fasfo a Ɗan Isa.

Muna kira ga hukumar tattara haramtattun makamai ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1994, da ta buɗe ƙofarta ga ɗalibai. Ƙasarmu tana da abin koyarwa a wannan fanni. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995, a ranar 25 ga Satumban 2000 an tara makamai sama da 1,000 a Agadas aka cinna musu wuta a gaban duniya. Ya kamata ɗalibi ya san yadda aka shawo kan mutane har suka miƙa su, wane alkawari aka cika, wanne aka saɓa, da kuma abin da ya sa wata tawayen ta sake tashi a 2007. A cikin wannan tarihi akwai maganin da za a iya gwadawa a kudu.

Muna kuma roƙon malamai da cewa idan an gama bincike kada a rufe shi cikin kabad da Faransanci ko Ingilishi. A dawo da shi cikin Hausa da Fulatanci da Tamajak, a karanta a gidajen rediyo, a kawo shi gaban sarakuna da limamai da shugabannin kasuwa. Wanda aka ɗebi magana a bakinsa yana da haƙƙin ya ji abin da aka yi da ita.

Daga ƙarshe, kira gare mu ƴan kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mu muka san ranar da kasuwa kaza ta fara mutuwa, mu muka san yadda kuɗin mota ya ninka saboda an bar gajeriyar hanya an koma zagaye, mu muka san wanda ya karya jarinsa ya fanso ɗan'uwansa bai sake tashi ba. Wannan duk ilimi ne, amma muddin yana cikin cikinmu, ranar da za a yanke hukunci a kan kasuwarmu babu wanda zai yi aiki da shi. Idan ɗalibi ya zo da takardar malaminsa, ya bi ta hannun sarkin kasuwa ko shugaban sindika, ya cika sharuɗɗan da muka ambata, to mu ba shi wuri ya zauna, mu gaya masa abin da muke iya faɗa. Ƙungiyoyinmu na ƴan kasuwa da na masu motoci, waɗanda ke tara kuɗi don gina masallaci da taimakon marayu, su ware wani abu kowace shekara su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu daga cikin ƴaƴanmu da za su yi bincike a kan tsaron hanya da kasuwa. Kuma wanda ya san a cikinmu akwai mai ɓoye harsashi ƙarƙashin buhun hatsi don ribar kwana ɗaya, ya sani cewa wannan harsashi bai san mai shi ba, wata rana a kan motar ɗan'uwansa zai sauka.

Mun tura ƴaƴanmu jami'a sun karanto ciwon gero da ciwon shanu da zazzaɓin cizon sauro, kuma mun ga amfanin hakan. Ciwon da ya hana mu noma geron, ya kwashe shanun, ya rufe hanyar asibitin, shi ma ya cancanci a ba shi aji da malami. Allah ya ba magabatanmu ikon sauraro, ya kare matafiya, ya maido mana da kasuwanninmu cikin aminci, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.